Direban da Ya Ari Idon Yara

Ranar da za ta fara aikin shara a makarantar, ba da jimawa da rasuwar mijinta ba, ta fito da sassafe ta tsaya a bakin titi, ba ta ma san motar da ake hawa zuwa can ba. Motar makarantar ta zo ta wuce ta, ta yi gaba kaɗan, sai ta tsaya, ta dawo da baya. Direban ya leƙo ta taga, wani dogon mutum da furfura ta fara cin gemunsa, ya ce, "Ke ce sabuwar mai sharar tamu? Shigo mana, ai hanyarmu ɗaya."

Ta ce motar yara ce, ba a ce ta hau ba.

Ya ce, "An ce kar ki hau?"

Kujerar da ke bayansa ta yage, wani ƙarfe ya leƙo daga cikin soson. Ya zaro ɗan matashin da yake tokare bayansa da shi, ya ɗora a kan ƙarfen, ya ce ta zauna. Bai sake tambayar matashin nan ba. Da wannan alherin ta riƙa lallashin zuciyarta duk ranar da ya ƙure mata haƙuri, kuma ranakun da bai ƙure ba ba su da yawa.

Yara suna ce masa Baba Direba, ita kuma suka sa mata Gwaggo. Gwaggo mace ce da ba ta son hayaniya. Burinta da safe ta ja carbinta har a isa, ta ɗauki tsintsiya, ta gama aji bayan aji kafin a buga ƙararrawa. Allah kuwa ya haɗa ta da mutumin da bakinsa ba ya mutuwa sai in ruwa yake sha.

Tarihinsa ta ji shi ba sau ɗaya ba, ba tare da ta nema ba. Yaron mota ya fara, yana wanke taya yana cin zagi. Daga nan ya kama tuƙin babbar mota, yana kwashe kaya daga wannan gari zuwa wancan, tafiyar da mutum zai wuni bai ga mai ce masa sannu ba. A cikin wannan kaɗaicin ne, don kada barci ya sace shi a kan sitiyari, ya fara ba kansa labari da ƙarfi. Da ƙarfinsa ya fara ja baya ya dawo gida, ya sami motar makaranta, sai ya taho da labarin, ya juye wa 'ya'yan mutane.

Labarin wani tsoho ne, Tsoho Mai Buta. Wai a bayan wani kunkuru yake zaune, kunkurun ya kai girman kasuwa, kuma a cikin butarsa akwai kogi sukutum da kifayensa. Yana da almajirin tafiya guda ɗaya, Ɗan Raki, matsoracin da ko ganye ya faɗo sai ya nemi wurin ɓuya. Wani ƙaton ɓarawo ne ya sace inuwar garinsu kaf, ta bishiya da ta bango da ta mutane, rana ta hana kowa sakat, shi ne Tsoho ya ɗauki Ɗan Raki suka tafi karɓo ta. Kullum da safe a ci gaba daga inda aka tsaya, da yamma a ƙara.

Gwaggo ta daure iya daurewa. Wata rana, bayan yara sun sauka, ta ce, "Malam, tun da na shigo motar nan ake tafiyar nan. Yaran da na tarar sun gama makarantar, ƙannensu sun shigo. Yaushe za a isa?"

Ya ce, "Gwaggon yara, kunkuru ne fa."

"Kuma buta abar alwala ce. Ka rasa abin da za ka sa a ƙarya sai ita?"

"Af, ke kina tsammanin Tsoho ba ya salla? Me kike jin yake yi da kogin?"

Ta yi istigfari ta sauka.

Da a kan yara abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma shi bai san babba ba. Shugabar makaranta ta yi masa faɗan makara, ya gaya mata abin da Tsoho ya ce a kan gaggawa. Ɗan sanda ya tsare su a hanya, ya gaya masa abin da Tsoho ya ce a kan mai tare hanya, har sai da ɗan sandan ya tambaye shi a wace unguwa malamin yake zaune. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya. Ga shi kuma da wata hanya tasa ta zagaye: ga titi miƙaƙƙe da zai kai su makaranta, amma sai ya karkata ta bayan masu kafinta, ta cikin ramuka, ya ɓullo can gaba. In ta yi magana ya ce motar ce ta saba.

Akwai kuma abin da ya kafa musu kowace safiya. Wai Tsoho ba ya ba Ɗan Raki abin karin kumallo sai ya faɗi abin da yake tsoro da ƙarfi, har kunkuru ya ji, don a cewarsa tsoron da ya fito ta baki ba ya komawa da girmansa. Saboda haka da an ɗauki yaron ƙarshe, sai Baba Direba ya buga hon ya ce, "Mutanen kunkuru, me kuke tsoro yau?" Mota ta kaure. Wannan ya ce lissafi, wannan ta ce allura, wancan ya ce karen gidan maƙwabta. Su ce, "Baba, kai fa?" Ya ce, "Kyankyaso!" A fashe da dariya. Su ce, "Gwaggo fa?" Ta ce ita Allah kaɗai take tsoro, su ƙyale ta.

Gaskiya dai, ko da take jin haushi, ta ga abin ya yi wa wasu amfani. Ta ga yarinyar da ba ta iya buɗe baki a aji ta fara ɗaga hannu. Amma ba ta taɓa gaya masa ba, don ta san in ta yi kuskuren yaba masa, ta shiga uku da Tsoho har ta mutu.

Wata shekara, bayan an dawo hutu, sai labarin ya ɗauki sabon salo. Wai sun shiga wani kwari da idon mutum ɗaya ba ya isa, sai Tsoho ya ɗaure wa Ɗan Raki ido da ƙyalle, ya ce abokan tafiya su zama idonsa. Baba Direba ya ce wa yaran kujerun gaba su ne abokan tafiyar, duk abin da suka gani a hanya su faɗa. Nan fa yara suka sami abin yi. "Rami!" "Mai keke ta hagu!" "Akuya!" "Fitila ta yi ja!" Har rigima suke a kan wa zai zauna gaba. Iyaye suka ji daɗi, wai 'ya'yansu suna koyon dokar hanya.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Shekara da shekaru tana zaune a bayansa, madubin motar yana nuna mata idanunsa ko ba ta so. Ta ga yana yawan goge gilashin gaba alhali gilashin fes yake. Ta ga in an tsaya a fitilar hanya ba fitilar yake kallo ba, motar gefensa yake jira ta motsa. Ta ga ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayinsa ya kama iska. Wata safiya ya tsaya ya gaida buhun gawayi da aka jingine a inda take tsayawa, ya ce masa ya shigo. Sannan da rana ta faɗo a madubin, ta ga wani fari-fari a tsakiyar baƙin idonsa, kamar an ɗiga madara a ruwa. Ta san wannan abin, ta gan shi a idon mahaifiyarta. Yanar ido ce ta rufe masa gani. Mutumin nan ba ya gani sosai, yana tuƙa mota cike da 'ya'yan mutane, ya mai da makantarsa wasa.

Ta rasa ta inda za ta fara. Ita ba 'yar'uwarsa ba, ba matarsa ba, mai shara ce da ya rage wa hanya. Ta yi ta addu'a Allah ya sa shi da kansa ya faɗa.

Makon jarrabawa ne Allah ya tona abin. Yara duk sun kifa kai a littafi, ba mai kallon hanya. Wani mutum ya turo baro cike da katako ya shigo titi, motar kuwa ta nufe shi ba ta rage gudu ba. Gwaggo, wadda ba a taɓa jin muryarta daga kujera ta uku ba, ta miƙe ta ce, "Burki! Malam, burki!" Motar ta yi ƙara ta tsaya, littattafai suka zube, bakin katakon ya kusa taɓa fitilar gaba. Mai baron ya ɗaga kai ya zazzaga zagi ya wuce.

Baba Direba ya juyo yana dariya, gumi yana zubo masa, ya ce, "Kun gani? Yau Gwaggo ta shiga wasanmu!" Yara suka yi tafi.

Da a ce tana zagi, da ranar ta yi. Ta jira yara suka sauka, ta ƙi tashi. Ta ce, "Yau ba ka tambaye ni abin da nake tsoro ba."

"Ai naki mun haddace. Allah kaɗai."

"Shi ɗin nake tsoro. Shi zai tambaye ni abin da na gani na yi shiru. Malam, ba ka gani."

Ya ce rana ce ta haske shi. Ta ce rana tana bayansu. Ya ce gilashi ne. Ta ce ita ta ga mai baron ta cikin gilashin. Ya ce to gajiya ce, kuma Tsoho ya ce, ta ce in ya ƙara ambatar tsohon nan za ta fita ta nufi ofis yanzun nan. Sai ya sauke murya ya ce ta rufa masa asiri, saura kwana kaɗan a yi hutu, a hutun zai je a duba shi. Ta yarda, da sharaɗin zai riƙa tafiya kamar mai rakiyar gawa, ita kuma za ta tsaya a kansa. Sauran kwanakin nan a tsaye ta yi su, carbi a hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ƙarfe, tana faɗin rami da akuya kamar 'yar aji ɗaya. Har yau in ta tuna sai ranta ya ɓaci.

Da aka yi hutu ta nemi gidan 'yarsa, tela ce, ita kaɗai Allah ya ba shi. Ta same ta a kan keke, ta gaya mata komai. 'Yar ta dafe kai ta ce, "Gwaggo, na fi shekara ina fama da shi. Likita ya ce aikin ba wani abu ba ne, a cire yanar a sa masa wani abu, ya kwana a gida. Amma Baba ba zai shiga asibiti ba." Ta ce mahaifiyarta ma ƙaramin aiki aka ce za a yi mata. Da ƙafarta ta shiga, ta cire takalmanta ta miƙa masa ta ce ya riƙe mata. Da takalman ya dawo gida. Tun ranar ko titin asibitin ba ya bi.

Sai a lokacin Gwaggo ta gane dalilin zagayen nan ta bayan masu kafinta. Asibitin yana kan miƙaƙƙen titin. Tausayi ya kama ta, amma bai kashe haushin ba. Ashe duk ramukan da suka karya mata ƙugu shekara da shekaru na tsoro ne, daga mutumin da yake koya wa yara jarumta safe da yamma.

'Yar ta karɓo masa ranar ganin likita. Ranar ta zo, ya ce motar tana wurin bakanike, dole ya tsaya a kanta. Aka sake karɓo wata. Wannan karon har ƙofar asibiti suka kai shi, ya ce bari ya sayo ruwa a can tsallake. Suka yi ta jira har rana ta take, suka koma suka tarar da shi a gida yana shan shayi, yana gaya wa maƙwabci yadda Ɗan Raki ya tsallake kogin wuta. Gwaggo ta dube shi ta dubi 'yar, ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ta juya.

Ranar da aka koma makaranta, ga mota ta taho, ga Baba Direba da wani tabarau mai kauri da ya saya a kasuwa, yana murmushi. Ita ake fara ɗauka kafin yara. Ta hau matakalar ƙofa ta tsaya, ba ta shiga ba, ba ta sauka ba.

Ya ce, "Shigo mana. Kin ga tabarau? Yanzu har ƙuda ina gani a kan hasumiya."

Ta ɗaga hannu ta ce, "Yatsu nawa?"

Ya ce, "Haba Gwaggon yara, ni za ki yi wa jarrabawa?"

"Ba yaron da zai hau motar nan yau. Ko ka kira shugaba da bakinka, ko in tsaya a nan har ta zo ta same mu."

Ta ɗauka zai yi mata gorin ɗaukar da yake yi mata. Bai yi ba. Sai ya gyara murya ya ce Tsoho ya gaya wa Ɗan Raki cewa jarumi ba ya ajiye tafiya a tsakiya.

Ta ce, "Kai ka ƙera tsohon nan, duk abin da kake so shi zai faɗa. Shekara nawa kana sa 'ya'yan mutane suna tona cikinsu a motar nan? Yarinya ta ce allura, kowa ya ji. Yaro ya ce duhu, aka yi masa dariya ya daure. Kai kuma kullum kyankyaso. To yau ba karin kumallo. Faɗi naka, da ƙarfi, kunkurun ya ji."

Ita kanta ba ta san ta iya magana mai tsawo haka ba. Injin yana ta kaɗawa. Ya cire tabarau ya riƙe.

Ya ce, "Ina tsoron su kwantar da ni in ƙi tashi." Ya ajiye tabarau ɗin a cinyarsa. "Ina tsoron in tashi, ɗan abin da nake gani ma ya tafi. Kuma ina tsoron a ba wani motar nan ya riƙa kunna musu rediyo."

Ta ce, "To ya ragu?"

Ya ce, "Ko kaɗan. Tsohon nan maƙaryaci ne."

Ya kashe motar. Ya ciro waya ya miƙa mata ta nemo masa lambar shugaba, don shi ba ya ganin rubutun. Da bakinsa ya faɗa, bai rage komai ba, har mai baron. Shugabar ta yi faɗa sosai, faɗan da ya cancanta, ta turo wani ya ɗauki motar. Shi da Gwaggo suka taka da ƙafa har makaranta, yana gaba tana baya, kuma tun da ta san shi ba ta taɓa ganin ya yi tafiya mai nisa haka bakinsa a rufe ba.

Ranar aikin, ita da 'yar suka sa shi a tsakiya, ba wanda ya yarda ya je sayen ruwa. Da aka kira shi ya sunkuya ya cire takalma ya miƙa wa 'yar. Ta ɓoye hannuwanta a baya ta ce, "Wallahi Baba ba zan karɓa ba. Ajiye su nan, ka fito ka sa abinka." Ya ajiye su a bakin ƙofa ya shiga.

Ya fito ya sa abinsa. Aka yi ido ɗaya, bayan wani lokaci aka yi ɗayan. Da aka cire masa bandeji, abin da ya fara cewa shi ne ashe Gwaggo ta tsufa haka. Tuƙi dai bai koma ba, shugaba ta ce shekaru sun ja, amma ta bar shi a motar yana kula da hawa da saukar yara. Sabon direban ya yi ƙoƙarin kunna rediyo sau ɗaya, yara suka yi masa ca. Aka koma bin miƙaƙƙen titi, kuma duk sanda aka zo daidai asibitin sai Baba Direba ya nuna wa yara ya ce nan ne ya yi yaƙi, wai likitoci huɗu ne suka danne shi. Gwaggo tana wurin, ta san mace ɗaya ce ta riƙe masa hannu, amma ta gaji da gyara masa zance.

Ya yi wasu shekaru a haka. Ya rasu a ɗakinsa, a kan shimfiɗarsa, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya, Allah ya jiƙansa ya yafe masa. Kunkuru bai isa ba, inuwa ba ta dawo ba. Da aka koma makaranta mota ta yi tsit, yara suna ta waiwayen Gwaggo, ita kuma ta ƙura wa carbinta ido, don ta san abin da ke kanta.

Tun ranar aikin farko ne ya ɗora mata nauyin labarin, suna zaune a benci kafin a kira shi, 'yar ta je karɓo kati. Ya matso kaɗan, ba wasa a fuskarsa. Ta ɗauka wasiyya zai bar mata a kan 'yarsa, har ta gyara zama.

Ya ce, "Gwaggon yara, na bar Ɗan Raki a rataye a bakin wata rijiya, igiyar tana tsinkewa, Tsoho kuma ya yi nisa. In ban fito ba, don Allah ki fito min da shi."

Ta ce, "Ni? Ni ban iya ƙarya ba, Malam."

Ya ce, "Na sani, shi ya sa za su yarda da ke. Kar ki kashe shi, kar kuma ki tsaya yi musu wa'azi. Ki bar shi ya ji tsoronsa, ya yi kukansa in zai yi. Ki dai fito min da shi."